Rijiyar da Attahiru Ya Ƙarasa

Jiya na ji ɗayanku yana cewa ginar rijiya ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kurum, a ba ƙato diga ya yi ta sara har ruwa ya fito. Yau tunda kun zauna kuma rana ta yi sanyi, bari in faɗa muku abin da na sani, ni Ummaru, da na yi shekara ashirin da wani abu ina shiga ƙasa da safe ina fitowa da la'asar.

Rijiyar farko da na shiga a fadamar Danchadi take, ta masu albasa, gaba uku kacal. Kafin in kai ga wannan sai da na yi rani biyu a bakin rami ina zubar da ƙasa. Kawuna Modi ne ya koya mini aikin, kuma shi ba ya koyarwa da dogon bayani. Duk kwandon da ya fito sai ya ɗago murya daga ƙasa ya ce, "Mi ag ga ciki?" In ce baƙar ƙasa. Gobe in ce jangargari. Wata rana marmara, wadda ke sa dagi ya yi tartsatsi. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya ce in ɗebo in murza, in sansana, in ɗora a harshe. Da haka na san farin yumɓu mai santsi, da yashin da ke zuwa a ƙarƙashinsa da sanyi kamar an ajiye shi cikin randa. Wanda ya ga wannan yashi ya kusa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Dagi gajere, ƙaramar diga mai guntuwar ƙota don ba filin ɗaga hannu, kwando, igiya, gwafa biyu da itacen da ake gicciyawa a kai. Sai fitilar da ake zurawa da safe kafin mutum ya sauka. In ta mutu a hanya, iskar ciki ba ta da kyau, sai a ɗaure reshe mai ganye a yi ta sama da ƙasa da shi har ta canza. Amma babban kayan aiki ƙafa ce. Muna sassara 'yan ramuka a bango hagu da dama, da su ake sauka ana hawa, yatsan ƙafa ne ke laluben su tunda ido ba ya gani. Kuma tafin ƙafa ya riga ido sanin laima. Shi ya sa ba mai shiga da takalmi. Doka ɗaya Kawu ya maimaita mini har ya bar duniya: ruwan da mutane za su sha su yi alwala ne, ba a tofa yawu a ciki, balle abin da ya fi yawu. In ya matse ka, ka hau.

Bayan rasuwar Kawu na haɗu da Attahiru, sa'ana, mutumin Dingyaɗi. Shi ne mai igiya. Ƙarfin hannunsa ya isa ya fito da jaki daga rami, amma bai taɓa sauka ko gaba biyu ba. Ya ce in ya leƙa ƙasa ƙirjinsa ke rufewa. Ban taɓa yi masa dariya ba, don wanda ranka ke hannunsa ba a yi masa dariya. In na girgiza igiya sau ɗaya ya ja kwando, sau biyu ya aiko ruwa, sau uku ni zai ja.

Ku da ba ku taɓa sauka ba, ba ku san yadda can yake ba. Daga gaba shida zafin rana ya bar ka. Daga gaba takwas maganar mutane takan zo maka a narke, ba ka jin kalma sai amo. Dakan matan gari kuwa ta bango yake zuwa, ka ji shi a bayanka kamar ƙasa ce ke da zuciya. Sama takan koma kamar faifai, ta koma kamar bakin ludayi, tsuntsu ya gifta ka ga duniya ta ƙifta ido. Wani lokaci nakan manta ko wace rana ce. In yi ta sara, ina jin ƙanshin ƙasar da ba wanda ya taɓa taɓawa tun da Allah ya shimfiɗa ta.

Zamanin farar hula na biyu aiki ya buɗe mana. Kowane mai neman ƙuri'a rijiya yake alkawari, motoci na sauke siminti a ƙauyuka, har munka koyi zuba zoben kankare maimakon jera dutse. A cikin wannan yalwa ne abin ya same ni. Muna gina wa wani malamin allo rijiya a garin Shagari, Malam Sambo ake ce masa, dattijo mai yawan shiru. Yana zaune a zaure yana rubutu, yana ganin bakin ramin. Ni kuwa a kwanakin ƙishirwa ta addabe ni. Ina girgiza igiya sau biyu har Attahiru ya gaji, in sha ƙwarya guda, harshena ya koma kamar ɓawon itace. Abin da aka sha kuma sai ya nemi fita. Gaba bakwai in hau, in zaga bayan danga, in sake tsarki, gaba bakwai in sauka. Kafin in cika kwando uku ya sake matso ni.

Ranar ta huɗu Malam ya kira ni zaure.

"Ummaru, sau bakwai na ƙirga ka hito kahin azahar. Lahiya?"

"Allah shi gafarta Malam, ruwa nika sha da yawa."

"Wandonka ma na ga ka ƙara mishi ɗauri. Ka rame. Je ka duba inda kaka zagawa, ka zo ka hwaɗa min abin da ka gani."

Na je na duba. Kiyashi ne sunka yi baƙi a wurin, layi-layi, kamar an zubar da zuma. Da na faɗa masa sai ya ajiye alƙalami. Ya ce yayansa haka ya fara. Ya ce zai yi mini addu'a, amma in tafi asibiti Sakkwato gobe, kada in jira a gama rijiya, rijiya ba ta gudu.

A asibiti anka gwada fitsarina da jinina. Malamin asibitin ya ce ciwon suga ne. Na tambaye shi kwana nawa ake shan magani a warke. Ya ce wannan ba baƙo ba ne da za a yi wa rakiya, maƙwabci ne, zama za a koya da shi. Ya ba ni 'yan ƙwayoyi farare, ya ce kullum da safe, kuma kada in kuskura in sha ban ci abinci ba. Ya hana ni suga a fura da shayi, ya hana ni rake, ya ce in rage tuwo in ƙara wake da ganye. Daga ƙarshe ya dubi ƙafafuna ya ce in riƙa sa takalmi ko'ina. Na ce masa sana'ata ginar rijiya. Ya ce to in riƙa duba ƙafar kowace yamma kamar yadda nake duba igiya.

Maganin ya rage hawa da sauka, amma bai mayar da ni yadda nake ba. Abin da nake ginawa a kwana uku ya koma kwana biyar. Wahalar da ban zata ba kuma ta wajen masu aiki ta zo. A sana'armu mai rijiya ne ke ciyar da magina, kuma mutuncinsa yana cikin ƙwaryar da ya aiko. A wani gida a Bodinga anka kawo mana fura damammiya, an zuba mata suga har tana danƙo, don a girmama mu. Na tura wa Attahiru, na kwance ƙullin dafaffen wake da zogale da matata Ige take ɗaura mini. Maigidan ya gani. Da yamma ya tambayi Attahiru ko an ce mini gidansa ana sa wa mutane wani abu ne a abinci. Sai da na je na tsuguna na yi masa bayani. Tun daga nan, duk inda za mu fara aiki, kafin a yi maganar zurfi da faɗi sai na fara da maganar cikina, ni da a da ba na son a san ko kaina ke ciwo.

Ƙafar a hankali ta tafi. Da fari kamar ana tsira mini ƙaya, daga baya kamar na sa safa ta auduga wadda ba ta cirewa. Ina laluben ramin taki a bango, sai na duba da hannu in tabbatar yatsana ya shiga. Laimar da tafin ƙafata ke gaya mini tun kafin a gan ta, ta daina gaya mini. Na koma ina manna bayan hannu da kunci a bango. Attahiru ya lura ina daɗewa a hanya. Bai tambaye ni ba, sai dai ya ƙara igiya ta biyu ya ce in riƙa ɗaurawa a ƙugu.

Sai yalwa ta ƙare. Siminti ya ɓace, sabulu da shinkafa sunka koma sai an bi layi. A asibiti takarda kawai ake rubuta maka a ce ka nema a kemis, kemis ɗin kuma yau akwai gobe babu. Wata rana in sha, wata rana in raba ƙwaya biyu, wani mako in zauna haka. Sojoji sunka dawo, damina kuma ta ɗauke gero bai cika ido ba. Rijiyoyin da Kawu ya gina, waɗanda ba a taɓa ganin gindinsu ba, sunka koma laka.

A wannan rani Magajin wata unguwa a Lambara ya aiko a kira mu. Rijiyarsu ɗaya ta ƙafe, mata na tafiya tun asuba su dawo da hantsi da tulu ɗaya na jan ruwa. Na zaga na zaɓi wuri kusa da wani tsohon gawo. Mutanen sun yi ƙoƙari, amma abin da za su ciyar da mu babu, sai kunu tsararo da safe, shi ma rabon 'ya'yansu ne. Munka yi wata guda da kwanaki muna sara. Marmarar wurin ta ci mini dagi biyu. A gaba goma sha ɗaya na fara ganin farin yumɓu.

Ranar da abin ya faru na samu magani, wani ya kawo mini daga birni. Na haɗiye ƙwaya guda a kan kunu rabin ludayi, na sauka. Wajen hantsi na ji gumi mai sanyi, hannuna na rawa. Na ce bari in zauna kaɗan. Da na zauna sai wurin ya yi mini daɗi. Bangon ya yi laushi kamar katifa. Na ga hasken bakin rijiyar yana saukowa a hankali, yana lilo, har ya zo ya zauna a cinyata. Na ji ruwa yana gudu a ƙarƙashina, ba ɗan tsatstsafo ba, gulbi sosai, da kukan kwaɗi da ƙanshin albasa sabuwar cira. Na ga Kawu Modi tsugune a gabana yana murza ƙasa a tafinsa, yana tambayata mi ag ga ciki, ina so in ba shi amsa bakina ya yi nauyi. Igiya tana nan kusa da hannuna. Na san sau uku ake girgizawa, amma na ga ba abin gaggawa.

Attahiru ne ya ji shirun. Ya ce ya ƙirga numfashi ɗari bai ji dagi ba, ya kira ban amsa ba, sai ya kama igiyar ƙuguna shi da maza uku sunka ja. Ban san an fito da ni ba. Na farka a inuwar gawo, wata tsohuwa, Inna Hajo, tana goga mini mazarƙwaila a dasashi. Attahiru ya taɓa jin na faɗi abin da malamin asibiti ya ce a yi in haka ta faru, shi ya yi ta cigiya gida-gida har anka samu ɗan gutsure a ƙullin zanenta.

Da hankalina ya dawo na ce a ba ni dagi in koma. Attahiru ya ce, "Dubi ƙahwarka tukuna." Na duba. Babban yatsan dama a tsage yake har ƙashi, jinin ya riga ya bushe da yumɓu. Tun da safe ke nan na sare shi, na yi ta aiki a kai ban sani ba.

Ciwon bai warke ba. Ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari. A Sakkwato anka cire yatsan da na kusa da shi, na yi mako biyar a kwance. Wanda ba shi da babban yatsa ba ya hawa bangon rijiya. Ba wanda ya faɗa mini, ni ma ban tambaya ba.

Ina dawowa gida Attahiru ya zo da labari. Mutanen unguwar sun ce wurin ne ba ya son a taɓa shi, tunda ya kayar da magini ya kuma ci yatsansa. Sun yanke shawarar cike ramin. An nemi wasu magina, duk wanda ya ji labari sai ya ƙi. Na ce a nemo mini jaki.

Na sami Magaji a ƙofar gidansa da dattawa. Anka sauke ni, na zauna a tabarma da ƙafa a naɗe.

"Ranka shi daɗe, wuri bai yi min komi ba. Ciwo na ag gare ni, tun kahin in san Lambara. Na sha magani ban ci abinci ba, shi ya kayar da ni ƙasa. Ruwa na nan, bai wuce gaba biyu ba."

"Malam Ummaru, mun ji. To wa za shi shiga? Kai dai ga ka."

Na dubi samarin da ke tsaye, kowa ya sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Can sai Attahiru ya yi gyaran murya.

"Ni ka shiga. Amma shi za ya zamna bakin rami, kada ya bar yi min magana."

Washegari munka zura fitila ta dawo da wutarta. Attahiru ya tuɓe riga, ya yi alwala, na ɗaura masa igiya da hannuna, maza shida sunka riƙe. Na kwanta rubda-ciki a bakin ramin. A gaba uku na ji numfashinsa ya canza. Na ce kada ya dubi ƙasa kada ya dubi sama, bangon da ke gaban hancinsa kawai. Na ce ƙafar hagu, akwai rami ɗan ƙasa da inda kake nema, ni na sara shi. Haka na bi da shi taki-taki, don duk ramukan nan ina riƙe da su a kaina. Da maganar aiki ta ƙare sai na koma ba shi labarin rijiyoyin da munka gina tare, ɗaya bayan ɗaya, da gidajen da anka ba mu nama da waɗanda anka manta da mu. Ba kalmomin yake ji ba, na sani, amo kawai ke isa can. Amon yake so.

Kwana tara ya yi yana sauka. Saransa ba kyau, bango ya ɗan karkace, amma yana tafiya. Kowane kwando ya fito a gabana ake juye shi, in murza, in sansana, in ɗora a harshe, in ce masa ya bi gabas ko ya rage ƙarfi. Ranar ta tara bayan azahar kwando ya fito da yashi. Na tura hannu ciki har wuyan hannu, na ji sanyin. Na ce a gaya wa mata su kawo tuluna. Ba a jima ba igiya ta girgiza, anka jawo kwando yana ɗiga. Attahiru bai nemi a fito da shi ba. Ya daɗe a can, har na fara kira. Da ya fito wandonsa jiƙe zuwa gwiwa, ya zauna kusa da ni yana kallon gari kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ya ce, "Ashe tasowa yaka yi. Ni na ɗauka zubowa yaka yi daga bango."

Daga nan aikinmu ya juya. Shi a ƙasa, ni a baki, har shekara goma sha wani abu, kafin injin burtsatse ya rage mana kira. Na koyi zama da maƙwabcin nawa. Ba na fita sai da dabino uku a aljihu, ba na shan ƙwaya sai na ci, kowace yamma Ige na riƙe mini madubi in duba tafin ƙafa. Ido ma ya fara hazo, amma hannu da harshe suna nan.

Bara na bi wata mota da ta ratsa ta Lambara, na ce a sauke ni. Attahiru ya riga ya rasu, Magaji da Inna Hajo sun daɗe da tafiya. Gawon an sare shi, amma rijiyar na nan, bakinta ya sha igiya har ya yi zane-zane. Wata matashiyar mace na jan ruwa. Na yi sallama na roƙi in sha, ta cika mini moɗa ta rusuna ta ba ni. Na tambaye ta ko rijiyar na da suna.

"Rijiyar Attahiru aka ce mata, Baba. Ba ta taɓa ƙahewa ba. An ce su biyu na. Na farkon, a ciki ya rasu, shi ne abokinai ya shiga ya ƙarasa."

Na dubi takalmina, na dubi ruwan da ke cikin moɗa, fari tas har ina ganin gindinta.

Na ce, "Allah shi jiƙan su duka."

Ta ce amin. Na shanye, na miƙa mata ta ƙara mini.